Auta a Bayan Kanta

Kakaki mutum ne da Allah ya yi wa baiwar baki. Tun yana sakandare, in aka kama 'yan ajinsu sun tsallake katanga, shi ake turawa ofishin shugaban makaranta, ya shiga a mai laifi ya fito an ba shi shayi. Da ya girma gwamnati ta hango shi, ta ɗauke shi ya zama mai magana da yawun ma'aikatar watsa labarai, daga nan sunansa na yanka ya ɓace. A ofis Kakaki, a unguwa Kakaki, har mai gyaran takalmin bakin layinsu Kakaki yake ce masa. Mutum biyu ne kawai ba su karɓi sunan ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shugabar makarantar firamare ce, ita Baban Auta take ce masa. Sai ita Autar, da ke ce masa Baba, in kuma gardama ta yi zafi ta koma “ranka ya daɗe,” da wata murya da ta fi zagi ciwo.

Auta mai ɗaukar hoto ce a wata ƙaramar jarida da ofishinta ke saman kantin sayar da tayoyi. Yayyenta maza biyu, ɗaya likitan haƙori ɗaya ma'aikacin banki, ba su taɓa sa shi ciwon kai ba. Ita kuwa bakinsa ta kwaso kaf, sai dai ta juya shi ya kalli wani gefe.

A makon da abin ya faru magana biyu ce ta cika gari. Ta farko, an ƙara kuɗin motar haya, jama'a suka ce ba za ta saɓu ba, suka sa ranar fita zanga-zanga a babbar tasha. Ta biyu, akwai ƙudurin doka a gaban majalisa da ya ce duk ɗan jaridar da zai je wurin zanga-zanga sai da katin ma'aikata a wuyansa, kuma sai ya tsaya a inda 'yan sanda suka nuna masa. Kakaki ya ce wannan tsari ne. Auta ta ce ƙwarai kuwa, tsari ne na a riƙa ɗaukar hoton ƙeyar ɗan sanda. Kullum a kan teburin cin abinci ake wannan dambe, har Malama ta kafa tata dokar: ba siyasa sai an kwashe kwanuka.

Ranar zanga-zangar da safe yana gaban madubi yana gyara zaman hularsa, don da hantsi zai shiga muhawara a gidan rediyo, sai ya hango ta ta cikin madubin tana ɗaure igiyar takalmi, jakar kyamara a kafaɗa.

“Ina zuwa da takalmin gudu?”

“Aiki, Baba.”

“Ba dai tasha ba ko?”

“Edita ya ce in ɗauko hoton sabuwar gada.”

Ya saki ajiyar zuciya. Gada ai aikin gwamnati ce, har ma ya ce mata ta ɗauko ta daga ɓangaren da aka gama fenti. Ba ta yi masa ƙarya ba. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, daga tasha ta kan gadar masu zanga-zangar za su bi, kuma kowa a gari ya san haka in ban da gwamnati.

Yana sauka daga mota a ƙofar gidan rediyo minista ya kira shi. An ɗan samu hatsaniya, in ji shi, an kwashi wasu, amma in an tambaya babu ɗan jarida ko ɗaya a ciki. Kakaki ya ce an gama, ranka ya daɗe. Ya kashe wayar, ya jefa ta cikin kwandon da ake ajiye wayoyi a bakin ɗakin shirin, ya sallami direbansa ya je ya sha mai.

A ciki ya tarar da abokin karawarsa ya riga shi zama, ya miƙe ƙafafu har ƙarƙashin kujerar mai gabatarwa. Lauya ne na jam'iyyar adawa, ana ce masa Dogo. Benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da a ce ruwa na da laima ne. Duk da haka in ɗayansu ya kwanta asibiti, ɗayan ne na farko a bakin gado.

“Ka sha shayi kuwa?” in ji Dogo. “Kare gwamnati da yunwa ba daɗi.”

“Kai da ka saba da yunwar mulki ai ka fi ni sani.”

Jar fitila ta kama, mai gabatarwa ya gaida masu sauraro, aka shiga. Dogo ya fara da cewa ɗan jarida ido ne na jama'a, kuma duk wanda ya ce wa ido ga inda za ka kalla, to akwai abin da ya ɓoye a ɗaya ɓangaren. Kakaki ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

“Yau kowa ya riƙe waya ɗan jarida ne. Bara wani ya ɗauko hoton gobarar wata ƙasa ya ce kasuwarmu ce aka ƙona, kafin rana ta raba an fasa shagunan bayin Allah. Wa ya share musu hawaye? Kai ne, lauya?”

Wannan ba don aiki kawai ya faɗa ba, har ransa ya yarda da ita, don ya je ya ga shagunan da idonsa. Dogo ya ce wanda ya yaɗa hoton nan yana kwance a ɗakinsa ne, ba a titi ba, kuma waɗanda suka taka da ƙafarsu suka je kasuwar su ne suka ƙaryata shi. Kakaki ya ce to kati ai shi zai raba tsakuwa da tsaba. Dogo ya ce in mai ba da kati shi ne wanda ake so a binciki aikinsa, ai an ba kura ajiyar nama. Haka suka yi ta yi, mai gabatarwa yana murmushi, don ya san yau ba wanda zai murɗa tasharsa.

Can mai gabatarwa ya ce rahotanni na shigowa cewa an watsa masu zanga-zanga da hayaƙi mai sa hawaye, kuma an kama 'yan jarida. Me gwamnati za ta ce?

Kakaki ya gyara murya. Da a ce ya tsaya a kan abin da aka ba shi, da ba a yi komai ba. Amma baki ya riga ya ɗau zafi.

“Ina tabbatar wa jama'a, ba a kama ɗan jarida ko ɗaya ba. Waɗanda ke hannu 'yan ta-da-zaune-tsaye ne da suka rataya kyamara a wuya. Kuma bari in faɗa wa iyaye gaskiya: duk yaron da ya samu tarbiyya a gidansu, ba za a tsince shi a irin wannan wuri ba.”

Aka buɗe layi. Wani ya kira ya yi ƙorafin kuɗin mota. Wani ya kira ya ce shi dai a gaida masa abokansa na wurin aiki. Ta uku mace ce, ta yi sallama a natse.

“Sunanki, kuma daga ina?”

“Wata uwa ce, daga cikin gari.”

Tun daga sallamar Kakaki ya gane mai magana. Muryar da ke tsayar da yara a layi kowace safiya ce.

“Tambayata ga mai magana da yawun gwamnati ce. Na ji ya ce duk wanda aka kama bai samu tarbiyya a gida ba. To ina so ya haska mini, don ni dai na yi iya nawa. Na yi mata wanka, na kai ta makaranta, na koya mata gaida manya. Sauran kuma na mahaifinta ne. Baban Auta, editanta ya kira ni, tana ofishin 'yan sanda na bakin gada. Tun ɗazu nake neman wayarka a kashe. In ka gama da jama'a, don Allah ka biya.”

Ta yi godiya, ta ajiye.

Mai gabatarwa ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ɗaga wa mai kula da na'ura hannu kamar mai neman ceto a ruwa, aka sako tallan katifa. Dogo kuwa ya kifa kansa a kan teburi, kafaɗunsa sai rawa suke.

“In ka gama,” in ji Kakaki, “ka kai ni. Direbana ba ya nan.”

Motar Dogo tsohuwa ce, ƙofar gefen fasinja sai an buɗe ta daga waje. A hanya ya share hawayen dariya ya ce, “Wallahi shekara da shekaru ina neman abin da zai rufe maka baki, ashe yana gidanka yana dafa maka abinci.” Kakaki ya juya kai wajen taga. Yana kallon titi ne, inda takalma marasa 'yan'uwa ke warwatse, ga kwalayen da aka yi rubutu a kai an tattake, ga ragowar hayaƙi yana shigowa ta taga yana cizon ido. Dogo ya dube shi, ya daina dariya, ya ɗage gilas.

“Ba abin da zai same ta. 'Yata ce ni ma.”

Ofishin 'yan sandan Kakaki bai taɓa shigarsa ba, duk da sau da yawa ya yabe shi a rediyo. A harabar ga baburan da aka kama sun yi tsatsa har ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsu. A ciki ga doguwar kanta ta katako da gwiwar hannun mutane ta goge har tana sheƙi, ga fanka a sama tana juyi kamar an tilasta mata. An tara wayoyi a cikin bokiti, kyamarori kuma a kan wani teburi, an jibge su kamar kifi a kasuwa. Bayan kantar, a ƙasa, ga mutane zaune sun jingina da bango.

Auta ce ta uku daga ƙofa. Idanunta sun yi ja, mayafinta ya yi ƙura, amma tana ba na kusa da ita labari har da kwatance da hannu. Da ta gan shi ta ce, “Sannu da zuwa, Baba. Sannu, Baffa Dogo.” Kamar a falon gida ya same ta.

Bai samu ya amsa ba wani dattijo mai furfura da ke gefenta ya yunƙura ya miƙe, ya gaida shi da girmamawa. Kakaki ya san shi sarai. Mai ɗaukar hoton gidan talabijin na gwamnati ne, wanda ya fi kowa sanin ɓangaren fuskar minista da ya fi kyau.

“Kai kuma me ya kawo ka nan?”

“Aiko ni aka yi, ranka ya daɗe, in ɗauko yadda jami'an tsaro ke aiki cikin natsuwa.” Ya ɗaga katin aikin da ke wuyansa. “Na nuna musu wannan, da sa hannunka a jiki. Suka ce in yi bayani a ofis.”

Dogo ya juya ya fuskanci bango, yana tari.

Sufeton da ke kula da ofishin ya fito da sauri yana ɓalla maɓallin riga. Shi ma ya saurari shirin, kowa a ofishin ya saurara. Ya ja Kakaki gefe ya ce kuskure ne, yaransa ne ba su gane ta ba, ai da ta faɗi 'yar wa ce da ba a kai ga haka ba. Yanzu ma ga ƙofa, ta ɗauki jakarta.

Kakaki ya yi masa godiya. Ya leƙa ta kan kantar.

“Taso mu tafi.”

“Mu nawa?”

“Ke.”

“To a gaida Mama.”

“Auta, ba wurin gardama ba ne nan.”

“Ba gardama nake ba, Baba. Mota ɗaya aka zubo mu. In ni 'yar jarida ce, su ma haka. In kuma 'yan ta-da-zaune-tsaye ne, ka ga ai a zaune nake.”

Wani daga cikin na zaune ya yi dariya ya haɗiye. Kakaki ya zagaya ta ƙaramar ƙofar kantar, abin da ba a yarda wa kowa ba, amma ba wanda ya hana shi. Ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna a gabanta. Nan ya ga wuyan hannunta ya kumbura, inda aka murɗe shi wajen ƙwace kyamara. Ya riƙe hannun a hankali, irin riƙon da yake yi mata in za su tsallaka titi tana ƙarama.

“Me kika ɗauka?”

Ta rage murya. Ta ce wata tsohuwa mai sayar da ruwa ce ta faɗi a kan gada, hayaƙi ya rufe ta, wani ɗan sanda ya cire hularsa ya ɗauki tsohuwar a kafaɗa ya fita da ita. Ta ɗauki wannan. Da ta juya kuma sai ga wasu uku sun taru a kan yaro ɗaya da kulake, ya ɗaga hannu bai hana ba. Ta ɗauki wannan ma.

“Duka biyun a gada ɗaya aka yi su, Baba. Da na tsaya a inda suka nuna mini, ko ɗaya ba zan gani ba.”

Yana da amsa, don bai taɓa rasa amsa ba. Sai dai ya duba amsar ya ga ba ta dace da wanda ke tsugune a ƙasan ofishin 'yan sanda ba. Ya miƙe ya fita waje ya kira minista.

Minista ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya kyauta, ya ɗauki 'yarsa ya tafi gida kada a faɗaɗa magana. Kakaki ya ce ranka ya daɗe, ta ƙi fita. Minista ya ce wace irin yarinya ce wannan? Kakaki ya ce irin gidanmu ce. Ya ƙara da cewa mai hoton talabijin ɗin gwamnati ma yana ciki, da kati a wuya. Minista ya ce za a kira shi.

Ya koma ya zauna a bencin masu jira. Dogo ya zauna kusa da shi yana kiran lauyoyi. Kafin wani lokaci haraba ta fara cika: editoci, 'yan'uwan waɗanda aka tsare, motar gidan rediyo, da 'yan kallo. Duk wayar da ka wuce, muryar Malama ce ke tashi a ciki, “ni dai na yi iya nawa,” mutane suna kwashewa da dariya, in sun hango shi su yi kamar waya suke amsawa. Ita kanta Malamar ta iso da malamai mata biyu, ɗauke da burodi da ruwa da man zafi. Ta miƙa su ta kan kantar, Sufeto da kansa ya karɓa hannu biyu. Sannan ta zo ta tsaya a kan mijinta.

“Ka ci wani abu?”

“A rediyo, Malama? A gaban duniya?”

“Can ne kaɗai kake ɗaukar waya.” Ta gutsuro burodi ta ba shi. Ya karɓa.

Rana ta yi sanyi kafin umarni ya zo daga sama: a saki duk 'yan jaridar, don nuna yadda gwamnati ke mutunta aikinsu. Aka kuma turo wa Kakaki sanarwar ta waya, aka ce tunda yana wurin, shi zai karanta. Ya tsaya a matattakalar ofishin, makirufo sun yi masa ca, ya karanta ta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Yana rufe baki wani saurayi da aka sako yanzu-yanzu, rigarsa a yage, ya ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, da safe ka ce ba a kama ɗan jarida ba. To su wa aka saki?”

Kakaki ya dubi saurayin, ya dubi Dogo da ya harɗe hannu yana jiran ganin ta inda zai zille.

“Da safe na yi magana ban gani ba. Yanzu na gani. An kama 'yan jarida, kuma bai kamata ba. Maganar tarbiyya kuwa, na janye ta, don an yi mini gyara.”

An mayar musu da kyamarorinsu, amma ba katin ajiyar hotuna ko ɗaya a ciki. Auta ta buɗe tata a cikin motar Dogo, ta ga ramin fayau. Wannan ya fi kumburin hannun yi mata ciwo. Hoton yaron ya tafi, na ɗan sandan da ya ɗauki tsohuwa ma ya tafi, kuma Kakaki ya daɗe yana tunanin cewa wanda ya zare katin bai san ya zubar da mafi kyawun hoton da aka taɓa yi wa rundunarsu ba.

Ƙudurin dokar ya koma kwamiti. Aka cire sashen da ya ce sai inda aka nuna maka za ka tsaya, aka bar na kati, Dogo kuma ya garzaya kotu a kan wannan, yana murna kamar an ba shi kyauta. Kakaki har yanzu yana ganin kati na da amfani, in dai ba ma'aikata ce za ta riƙa bayarwa ba, Auta kuma tana ganin ya yi rabin hanya ne ya zauna hutawa.

Bayan 'yan kwanaki aka yi masa canjin wurin aiki, da godiya mai yawa bisa gudunmawarsa. Aka mayar da shi kakakin hukumar hasashen yanayi, wani ofis a bayan filin jirgi inda ba mai zuwa sai tsuntsaye. Dogo ya kai masa ziyara a makon farko, ya same shi yana koyon sunayen gizagizai daga wata injiniya da ba ta kai Auta shekaru ba.

“To ya sabon wuri?”

“Da wuya,” in ji Kakaki. “Nan in ka ce ba za a yi ruwa ba aka yi, ba wanda za ka ce ya rataya kyamara. Zauna in sa a kawo maka shayi. Kuma ka ɗage gilashin motarka, da yamma akwai hadari.”

Dogo ya leƙa ta taga, ya ga sama tas ba ko ɗigon girgije. Ya ce shi bai taɓa yarda da maganar gwamnati ba, kuma ba yau zai fara ba. Ya bar gilas a buɗe, ya ja kujera.